Yaya ake sauke rufin motar Jeep Wrangler a ajiye shi bai tsage ba?

Abban_Malali:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san Jeep Wrangler. Tawa samfurin da ake kira JK ce, mai ƙofa huɗu, ƙirar 2014, da rufinta na asali mai tauri. Ina so in sauke shi gaba ɗaya na 'yan makonni, in mayar kafin damina ta kankama. Garejina rufin kwano ne da silin na roba, tsayinsa ƙafa 9. Zai yiwu in rataye rufin a katakon da ke saman silin? In ba zai yiwu ba, mutum nawa ke sauke shi, kuma a kan me ake ɗora shi?

Makanikin_Oriakpata:
Wa alaikumus salam Alhaji. Bari mu fara da kwancewa, don yawancin ɓarnar a nan ake yin ta, tun ba a kai ga ɗagawa ba.

Fara da faifan nan biyu da ke saman direba da mai zaman gaba. Sauke abin tare rana, ka kwance dunƙulallun notuna biyu da ke bayan kawunanku da hannu, ka juya makullan nan masu lanƙwasa, sannan ka ɓalle maƙalin da ke saman gilashin gaba. Na gefen direba ake fara cirewa, domin shi ya hau kan ɗan'uwansa. Wajen mayarwa kuwa na fasinja ne ke fara shiga. Wanda ya juya wannan tsari zai yage robar tsakiya, daga nan yoyo ya samu ƙofa.

Babban rufin yana da noti 8 a mai ƙofa huɗu: 2 a sama wajen ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, 6 a jikin bodi ta ciki, uku dama uku hagu. Kansu tauraro ne, Torx lamba 40. A JL, wato sabuwar ƙirar da ta fara daga 2018, lamba 50 ce. Kada yaro ya cusa alanki mai kusurwa shida ya ce ai ya kama, zai cinye kan notin, sai an kira mai walda.

Buɗe ƙofar but har ƙarshe, ka ɗaga gilashin baya. A kusurwar hagu ta ciki akwai soket na wayar waifa da na ɗumama gilashi, da tiyon ruwan wanke gilashi a gefensa. Soket ɗin na da ɗan jan makulli, sai ka zare shi kafin ka danna ka ja. Wannan waya ita aka fi mantawa, a ɗaga rufi ta tsinke. Toshe bakin tiyon kuma, in ba haka ba duk ranar da aka taɓa maɓallin wanke gilashin baya, cikin but ruwan zai zuba.

Littafin motar cewa ya yi manya huɗu, kowa a kusurwa ɗaya. Nauyin bai wuce kilo 60 da wani abu ba, amma faɗi gare shi kuma ba wurin riƙo. Ku ɗaga shi sama tukuna fil ɗin da ke daidaita zamansa su fita daga ramukansu, sannan ku yi baya da shi. In aka ja shi kan bodi, fenti ya tafi.

Injiniya_Barnawa:
Oga makaniki ya gama da kwancewa. A kan ratayewa, Alhaji, shawarata ka cire katakon silin daga lissafi. Siraran katakan nan an sa su ne su riƙe silin kawai, da ƙusa aka haɗa su, kuma ƙusa ba ta jure ja zuwa ƙasa. Ga gara, wadda take cinye cikin katako ta bar bayansa sumul. Ko manyan katakan da ke ɗauke da kwano, sai kafinta ya hau ya duba lafiyarsu, ya gitta katako mai inci 2 da 6 a kan aƙalla uku daga cikinsu, a huda a ɗaure da dogon noti da zoben ƙarfe mai faɗi (washa), nauyin ya rarrabu. Mai dekin ya fi samun sauƙi: ƙugiya huɗu masu notin da ke buɗewa cikin kankare, milimita 10 ko 12.

Sai maganar tsayi. Motar kanta ta haura mita 1.8. Ƙafa 9 kusan mita 2.7 ke nan. Hakan ya isa ka ɗaga rufin ka ja motar gaba ta fice.

Akwai abin da ba a cika lura da shi ba: in motar za ta fita ta gaba, sifiya taya da fitilar birki ta samanta dole su wuce ta ƙarƙashin gilashin baya. Sun fi gefen bodi tsayi. Don haka ko a bar gilashin a buɗe har motar ta fice, ko a ƙara ɗagawa sosai. In ba a yi ɗaya daga ciki ba, taya ce za ta fasa gilashin.

Nauyin rufin ya rinjaya baya saboda gilasai uku da injin waifa. Wanda ya rataye shi a tsakiyar tsawonsa zai ga bayan ya sunkuya. Matsar da wurin ɗagawa baya kaɗan, ka ɗaga faɗin yatsa biyu, ka tsaya ka duba ko ya daidaita kafin ka ci gaba.

Abban_Malali:
Na gode ƙwarai. Ke nan silin ya fita. In na sa a ƙera min firam a tsakar gida fa?

Mai_Walda_Panteka:
Ana yi, yallaɓai. Fayif mai kusurwa huɗu, inci 2, mai kauri milimita 3, ba irin na ƙofar shago ba. Ƙafa huɗu, faɗin ciki mita 2.5 don madubai su wuce, tsayi mita 3, da tokara a kowace kusurwa ta sama don kada ya yi lilo. Ƙaramin cenbulok na rabin tan, irin wanda ake ciro inji da shi, ya isa har ya yi yawa, kuma in ka saki sarƙar ba ya zamewa. Igiya da fuli kaɗai ba su da birki, hannu ya kuɓuce an gama.

Tsakanin cenbulok da rufin a sa ƙarfe mai siffar T: hannuwa biyu su kama gefen da ke saman ƙofofin baya, ɗaya ya kama ta bakin gilashin baya, kowace ƙugiya a naɗe ta da tsohon tub. Kada a zagaya bel a ɗaure tamau ta kan magudanar ruwan gefe. Rufin ba ƙarfe ba ne, faiba ce, ba ta lotsawa, tsagewa take yi. Kuma ba a ɗagawa ta gilashi ko sandunan da ke tokare shi.

Amma ni ban goyi bayan a bar shi a rataye a waje ba. Iskar hadarin farkon damina a Kaduna tana yaye kwanon gida, balle abu mai faɗi da ke reto a sarƙa. Firam na ɗagawa ne, a sauke shi ƙasa a ranar.

Hajiya_UnguwarRimi:
Na yarda da mai walda. A ajiye shi yadda yake zama a kan mota, gefunansa na ƙasa a kan katako biyu masu inci 2 da 4 da aka lulluɓe da soso ko tsohon kafet, a tokare ɓangaren gaba da ya miƙo don kada ya lanƙwashe da zafin Maris da Afrilu. In an sa wa katakan tayoyi huɗu, mutum ɗaya zai tura shi lungu. Kada a jingina shi da bango a kan kusurwa ɗaya, kuma kada yara su hau ko a jibga masa kaya.

A rufe gilashin baya bayan an sauke. A naɗe soket da leda a ɗaure, duka ɓangaren rufin da na motar, saboda ƙurar hunturu da ɓeraye, waɗanda ba abin da suke so kamar waya da roba. Robobin gefe a wanke su da ruwa da sabulu, a shafa man silikon. Ban da baƙin mai, giris ko basilin, suna sa irin wannan roba ta kumbura ta yi laushi. Faifan gaba su shiga jakarsu, ko a sa bargo tsakaninsu, ba a ɗora su a kan robarsu ba. Notunan suna da ramukan ajiya a ƙasan but, a zuba su can.

Ranar mayarwa, a ɗaura duk notuna 8 da hannu sako-sako, a rufe ƙofofi a ga tazarar gefe ta yi daidai dama da hagu, sannan a ɗaure su a hankali, ba da injin iska ba. Daga nan a sakar wa motar ruwa da tiyo daga sama na 'yan mintuna, mutum ɗaya na zaune a ciki yana duba saman gilashin gaba da mahaɗar faifan biyu.