Ɗaliba ta ƙure ni da tambayar toka, ku agaza min

Assalamu alaikum malamai. Wannan ne zangona na farko ina koyar da ilimin sinadarai. Jiya na faɗa wa ɗalibai cewa in sinadarai suka haɗu suka rikiɗa, nauyinsu ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu: "Malam, to in itace ya ƙone ina nauyinsa yake zuwa? Tokar ko cikin hannu ba ta kai ba." Na yi ta kame-kame har aka kaɗa ƙararrawa. Gobe ina da su, ta ina zan ɓullo?

Wani malami:
Wa alaikumus salam. Ai toka kawai ta duba, ta manta da abin da ya tashi sama. Yawancin itacen ya fice ne a matsayin tururin ruwa da iskar kabon dayoksaid. Rubuta musu wannan a allo: kabon giram 12 yakan ci oksijin giram 32, ya ba da kabon dayoksaid giram 44. Bar su su tara da kansu.

Wata malama:
Malam, lissafin allo ba ya gamsar da yara, sai sun gani da ido. Samo soson ƙarfe mai laushi, ɗora shi a farantin ƙarfe, auna su tare. Taɓa shi da batir mai bolt 9, zai kama ja-ja-ja. In ya huce sake aunawa, za ka ga ya ƙara nauyi, don ƙarfen ya kwashi oksijin daga iska ya riƙe. Amma fara tambayarsu me suke tsammani, kusan duka za su ce raguwa zai yi. Yara su ja baya, ƙonewar tana tartsatsi.

Wani tsohon malami:
Yarinyar nan a yaba mata. Irin wannan ruɗanin ne Lavoisier, masanin sinadarai na Faransa, ya warware, ya riƙa dafa kuza a cikin kwalba rufaffiya yana aunawa kafin da bayan, nauyin bai motsa ba. A littafinsa na 1789 ya shimfiɗa dokar cewa nauyin ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Atam, wato ƙwayar zarra, ba ya ɓata, abokin zama kawai yake sauyawa. Sa su ƙirga a 2H₂ + O₂ → 2H₂O: haidurojin huɗu, oksijin biyu, hagu da dama.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Malama, sikelinmu giram ɗaya-ɗaya yake nunawa, zai yi?

Malamar:
Da ƙyar. Ari wanda ke nuna 0.1, kuma ka yayyage soson iska ta ratsa shi.