Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi

Uwar yara, Tudun Wada: Salamu alaikum. Jiya ɗana mai shekara 4 ya dawo daga nazare wandonsa a jiƙe. Ashe fitsari ne ya matse shi, an hana su banakula a aji, shi kuma bai san yadda zai nemi izini da Turanci ba, sai ya yi shiru. Da na je na yi magana, shugabar ta ce min, "Hajiya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Raina ya ɓaci ƙwarai. Don Allah abin da karin maganar nan ke nufi ke nan?

Magidanci, Samaru: Hajiya ki yi haƙuri, amma tana da gaskiyarta. Jarrabawa da Turanci ake rubuta ta. Ko gwamnatin tarayya da ta amince a 2022 a koyar da harshen uwa har aji shida na firamare, ai ta soke tsarin a Nuwamban 2025. In bai kama yanzu ba, yaushe?

Dattijo, Ƙofar Doka: Ɗana, lokaci kawai karin maganar ta ambata, ba ta ce ga inda za a karkata iccen ba. A kan tarbiyya iyayenmu suke faɗinta: gaisuwa, kunya, gaskiya. Kuma duk wanda ya ga ana lanƙwasa kan sanda ya san a hankali ake yi, ana gasa ta a wuta, ana ɗaurewa, a bar ta ta kwana. Wanda ya danna da ƙarfi lokaci guda karya ta zai yi. Yaron da tsoro ya hana shi buɗe baki, tanƙwara shi aka yi ko karyawa?

Malamar nazare, Sabon Gari: Baba ka faɗi abin da ke raina. Ranar da na ce "ga ta nan ga ta nanku", yaran da nake ɗauka marasa magana ne su suka fara ihun "ta zo mu ji ta". Gizo da Ƙoƙi sun koya musu ƙirga fiye da allona. An ma gwada wannan a Ile-Ife tun 1970, ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa: shekara 6 ana koyarwa da Yarabanci, Turanci darasi ɗaya ne, kuma yaran ba su gaza a Turancin ba.

Magidanci, Samaru: To Malama, ajinki fa akwai ’ya’yan Ibo da Yarabawa. Harshen wa za a ɗauka?

Malamar nazare, Sabon Gari: Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma mafi yawansu da Hausa suke wasa a waje. Kuma ko da wane harshe yaro ya ce min fitsari yake ji, zan buɗe masa ƙofa.

Uwar yara, Tudun Wada: Na gode. Gobe in Allah ya kai mu zan koma makarantar, da maganar sandar nan ta Baba zan fara.