Madarar shanu: ta maraƙi ce kaɗai, ko har da mu?

Malam Habu: Jama'a, ni dai matsayina shi ne madarar shanu ta maraƙi ce. Babba ba ya bukatarta. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutane a duniya, jikinsu yana rage samar da laktes bayan yaye, wato sinadarin da ke narkar da sukarin da ke cikin madara. Shi ya sa mutum zai sha, ciki ya kumbura, ya yi ta ƙugi, wani har da gudawa.

Hajiya Rabi: Malam, maganar kumburin ciki gaskiya ce, amma ka yi saurin yanke hukunci. Da yawa daga masu wannan matsalar suna iya shan kofi ɗaya tare da abinci lafiya lau. Yogot ya fi musu sauƙi ma, don ƙwayoyin da suka tsamama shi sun riga sun cinye wani ɓangare na sukarin. Kofi mai mililita 250 yana ba da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, kusan miligiram 300 da furotin giram 8, ga bitamin B12. Babba na bukatar kalsiyam wajen miligiram 1000 a rana. Abinci nawa ne ke ba da wannan a sauƙaƙe?

Sani: Hajiya, to in don ƙashi ne, me ya sa ƙasashe irin su Suwidin da Nowe, inda ake shan madara sosai, suke cikin waɗanda tsofaffinsu suka fi karyewar ƙugu?

Hajiya Rabi: Sani, can mutane na daɗewa a duniya, kuma rana ba ta wadatar su a lokacin sanyi, bitamin D da jiki ke samarwa daga hasken rana don ƙarfin ƙashi ya yi ƙaranci. Ba za ka ɗora wa madara laifin ba. Abin da na yarda da shi shi ne madara kaɗai ba ta tsare ƙashi, sai da motsa jiki.

Larai: Ku bar manya tukuna, su suna da zaɓi. Damuwata yara ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wata 6 na farko nonon uwa zalla, ko ruwa ba a haɗawa. Madarar shanu ba ta dace da jariri sabon haihuwa ba: furotin da gishirinta sun yi wa ƙodarsa nauyi, kuma ba ta da sinadarin ƙarfe da ke gina jini sai kaɗan. Likitocin yara da yawa suna cewa a jira ya cika shekara. Bayan nan tana da amfani sosai ga yaro mai girma, amma da ma'auni. Yaron da ke cika ciki da madara yini guda zai ƙi abinci, sai ka ga ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa, alhali uwa na ganin tana kyautata masa. Wannan yana ɓata min rai matuƙa.

Malam Habu: Larai, ɗan ƙanwata da ya sha sai jikinsa ya yi borin jini, leɓe ya kumbura. Wannan ma laktes ne?

Larai: A'a Kawu, wannan daban ne, kuma ya fi haɗari. Jikinsa ne ke yaƙi da furotin ɗin madarar. Kada a sake ba shi ko ɗigo sai likita ya gan shi.

Sani: Ni ina ganin ɗanya, wadda aka tatso yanzu, ta fi ta kamfani lafiya.

Hajiya Rabi: Nan kam ban yarda ba ko kaɗan. Ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar burusela mai sa zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi na tsawon watanni. Ɗumama ta zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15 kamar yadda kamfanoni ke yi, ko tafasa ta a gida, yana kashe su, kalsiyam kuma yana nan.

Malam Habu: Duk da haka babba na iya rayuwa lafiya ba tare da ita ba, in yana cin ganyaye da wake da ƙananan kifi da ƙashinsu.

Hajiya Rabi: Yana iya, Malam, ba musu. Sai dai mu duba abin da ake kira madara. Mai kauri ta gwangwani an cika ta da sukari, wasu na gari kuma an cire musu man shanu an zuba man tsiro. Iyaye su riƙa juya gwangwanin su karanta abin da aka rubuta a bayansa kafin su dama wa yaro.