Rage maganin ciwon damuwa: shawarwarin 'yan zaure kan ƙwayar Deroxat da 'yan'uwanta

Hajiya, Garwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanwata ce ke shan paroxetine, wanda aka rubuta Deroxat a kwalinsa, miligiram 20 kullum da safe, yau shekara biyu. Ta samu lafiya alhamdulillahi, likitanta ya yarda a fara janyewa. Wasu sun ce ta sha yau ta tsallake gobe har wata guda, sai ta ajiye. Masu sani, haka ake yi?

Mai famasi, Marwa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ta yi wannan tsallaken. Paroxetine cikin kwana ɗaya rabinsa ke fita daga jini. In ta sha yau ta bar gobe, maganin hawa da sauka zai riƙa yi a jikinta, duk kwana biyu sai ta ɗanɗani wahalar yankewa. A cikin 'yan'uwansa magungunan damuwa, fluoxetine ne kaɗai ke jure tsallake, don shi sai ya yi kwana 4 zuwa 6 kafin rabinsa ya fita. Sertraline da escitalopram kwana ɗaya da 'yan awoyi ne. Venlafaxine kuwa awa 5 kacal. Shi da paroxetine su suka fi kowanne ba da wuya wajen bari. Ta riƙa sha kullum, lokaci ɗaya, adadin ne za a riƙa ragewa.

Dokta, Njamena: Gaskiyar Malam ce. Shekara biyu ta isa a yi maganar bari, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi a ci gaba da sha wata 9 zuwa 12 bayan an warke. Amma akwai abin da mutane ke juyawa. Suna zaton daga 20 zuwa 10 ne babban tsalle, daga 5 zuwa babu kuma ɗan taki ne. Ba haka ƙwaƙwalwa ke ji ba. Masu bincike Horowitz da Taylor sun nuna lissafin a 2019 da citalopram, ɗan'uwan paroxetine: miligiram 20 na toshe kusan kashi 80 cikin 100 na ƙofofin da maganin ke aiki a kansu, miligiram 5 da ɗan ɗoriya na toshe kashi 60, miligiram ɗaya da rabi ma na riƙe da kashi 30. Kun ga ke nan wanda ya sauko daga 20 zuwa 5 kashi 20 kawai ya saki, wanda ya yanke daga 5 kuwa kashi 60 ya saki dare ɗaya. Shi ya sa za ku ji an ce "ai na rage har kwata lafiya lau, ina ajiyewa duniya ta juya min". Ƙarshen ne ake bi a hankali, ba farkon ba.

Hajiya, Garwa: To Dokta nawa za a riƙa cirewa?

Dokta, Njamena: Kwata na abin da take sha a lokacin, ba na adadin farko ba, duk mako 4. Wato in an daidaita lambobin: 20, 15, 11, 8.5, 6.5, 5, 3.5, 2.5, 2, 1.5, 1, 0.5, sannan a tsaya. Kusan shekara guda ke nan. Ki kai wa likitanta wannan jerin ya duba, shi ya san tarihin ciwonta.

Nas ɗin sashen ƙwaƙwalwa, Garwa: Dokta da izininka, ni kwata ya yi min yawa ga paroxetine na shekara biyu. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Ingila ta ce wanda ya daɗe yana sha, ko yake kan magani mai wuyar bari, zai iya buƙatar kashi 10 ko ma kashi 5 a kowane taki. Ni sai in ce ta fara da 18.

Dokta, Njamena: Ban ƙi ba, amma a yi lissafi. Da kashi 10 duk wata, kafin a sauko daga 20 zuwa 1 taki 28 ne, fiye da shekara biyu. Ba kowa ke buƙatar haka ba, kuma kuɗin magani ba daga sama yake faɗowa ba. Takin farko shi ne gwaji. In ta sauka 15 ta ji ɗan jiri na kwana huɗu biyar ya wuce, a ci gaba da kwata. In ya kwantar da ita, ta koma 20, ta zauna har ta daidaita, a sake farawa da kashi 10 na Malama. Kuma ba a sauka taki na gaba alhali alamomin na baya ba su lafa ba, ko da kwanakin sun cika.

Mai famasi, Marwa: Saura yadda za a samu 11 ko 8.5 daga ƙwayar 20. Ƙwayar tana da tsaga a tsakiya, rabi ba matsala, kwata ma da reza mai tsabta za a iya. Daga nan ido ba ya iya aunawa. Akwai paroxetine na ruwa, miligiram 2 a kowane mililita, sai dai samunsa a Arewacin Kamaru sai an yi oda. In ba a samu ba, kuma likita ya amince:

A sayi sirinji na mililita 20 da na mililita 1 ko 5, a cire allurar a yar. A daka ƙwaya ɗaya tsakanin cokali biyu, a zuba a ƙaramar kwalba mai murfi, a auna ruwan sha mililita 20 daidai a zuba. Yanzu kowane mililita miligiram ɗaya ne. A girgiza sosai, a zuƙa nan take kafin garin ya kwanta. Mai shan 11 ya zuƙi mililita 11. Sauran a zubar, gobe a haɗa sabo.

Inda ake kuskure: a girgiza a ajiye a amsa waya, a dawo a zuƙi ruwan sama, maganin yana ƙasa. Ko a ce ragowar ɓarna ce a ajiye ta kwana uku cikin wannan zafin. Yana da ɗaci kuma yana kashe harshe na ɗan lokaci, a bi da ruwa. Ƙwayar da aka rubuta LP a kwalinta ba a daka ta sam, don an yi ta ne ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan.

Malamin asibiti, Ngaundere: Tunda an taɓo LP, masu Effexor LP, wato venlafaxine, su ji. Kafso ne mai ƙananan ƙwayoyi a ciki kamar tsabar gero. Ana buɗewa a ƙirga na kafso uku a ɗauki matsakaici, a riƙa cire adadin da aka tsara, a haɗiye sauran ba tauna. Na wani kamfanin 'yan ƙwayoyi kaɗan ne manya a ciki, don haka in an canza kamfani ƙirgar farko ta tashi. Masu amitriptyline, shi ma maganin damuwa ne, su suka fi sa'a a nan ƙasashen namu, saboda akwai na ɗigo mai suna Laroxyl: ɗigo ɗaya miligiram ɗaya. Ƙwayar 25 ɗigo 25 ce. A riƙe kwalbar tsaye, baki ƙasa, kada a karkata, in ba haka ba girman ɗigon ya canza. Yanke shi farat ɗaya na kawo tashin zuciya, gudawa, gumi da rashin barci.

Nas ɗin sashen ƙwaƙwalwa, Garwa: Hajiya ki gaya wa mutanen gida abin da za su gani, don kada a ɗauke shi wani abu daban. Yawanci kwana 2 zuwa 4 bayan ragi yake farawa: jiri, tashin zuciya, ciwon jiki kamar mura, mafarkai masu firgitarwa, saurin fushi, kuka ba dalili. Akwai kuma wani fizga a cikin kai kamar wutar lantarki ta ja mutum, musamman in ya juya ido da sauri. Wannan shi ke sa a ce iska ce ko an yi mata asiri. Ba farfaɗiya ba ce, ba taɓin hankali ba ne, ƙwaƙwalwa ce ke neman abin da ta saba. Addu'a da ruƙya ba mai hanawa, amma kada wani ya ce a zubar da ƙwayar.

Bambanta shi da dawowar ciwon ma ba wuya in an lura. Na janyewa yana zuwa da wuri, yana taɓa jiki, kuma da an mayar da adadin baya sai ya lafa cikin 'yan kwanaki. Ciwon damuwa in zai dawo sannu yake shigowa, bayan makonni ko watanni, da irin kamar da ya zo da ita da farko, ba jiri ba fizgar kai. Ta samu ƙaramin littafi, kullum ta rubuta adadin da ta sha, barcinta, da maki daga 0 zuwa 10. Ranar ganin likita wannan ya fi "da sauƙi" amfani.

Malamin asibiti, Ngaundere: Da damina kuma ciwon jikin nan zazzaɓin cizon sauro ake zarga. A yi gwajin jini na yatsa tukuna. Janyewa ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, in ma'auni ya nuna 38 a nemi wani dalili. In gwajin ya nuna akwai, a faɗa wa mai rubuta magani abin da ake sha, don takardar Coartem, maganin zazzaɓin, ta hana haɗa shi da amitriptyline da ɗan'uwansa clomipramine.

Mai famasi, Marwa: Babban tarkon garuruwanmu tramol ne. Mutum na jin jiri da kasala, wani ya miƙo masa ɗaya, kuma ya ji sauƙi, domin tramadol na taɓa hanyar da maganin damuwar ke bi. Ana maganin ƙaba kai na kumbura. Haɗa su na iya kawo jijjiga, ko rawar jiki da zafi da ruɗewa, abin da ke kai mutum gadon asibiti. Diazepam na bakin kasuwa ma haka, shi ma barinsa wuya gare shi. Ciwon kai paracetamol ya isa.

Inna ungozoma, Kusiri: Abu biyu daga wajena. In ƙanwar taki tana neman ciki ko ta ga batan wata, ta je wurin likita a makon, don paroxetine ba shi ake so a farkon ciki ba, amma kuma ba a yanke shi dare ɗaya. Na biyu lokaci. Kada a sa takin farko cikin azumi, ko makon biki, ko tsakiyar zafin Maris zuwa Mayu da Garwa ke wuce 40. Ƙishirwa da rashin barci kaɗai na kawo jiri, sai a rasa wanne ne wanne. In azumi ya riske ta a tsakiya, ta tsaya a adadin da take kai, ta mayar da shan lokacin sahur, bayan salla a ci gaba. Kwanakin farko na kowane ragi kada ta tuƙa babur, kada ta ja ruwa a rijiya ita kaɗai.

Dokta, Njamena: Inna ta gama magana. Abin da ba a jira da shi: tunanin kashe kai, kasa zama wuri ɗaya har mutum ya yini yana safa da marwa, kwana biyu uku ba barci ga yawan surutu da kashe kuɗi, ko jijjiga. Ranar a kai ta babban asibitin Garwa, kada a bar ta ita kaɗai, kuma wani babba ya riƙe maganin a hannunsa. Gidan da ke da amitriptyline a kulle shi, shansa da yawa na tsayar da zuciya, ga yara a gida. In ragin ya gagara duk da kashi 10, likita na iya mayar da ita kan fluoxetine a sauko da shi, amma wannan ba aikin gida ba ne, kuma alamominsa kan makara da makonni kafin su fito.

Hajiya, Garwa: Allah ya saka da alheri. Kwali ɗaya ya rage mana, in ya ƙare mu sayo?

Mai famasi, Marwa: A'a Hajiya, kada ku jira ya ƙare. Magani kan yanke a famasi, kuma mai ragi in ya rasa na kwana uku ya yi yankewar da ake gudu. Ku riƙe na wata guda a ajiye kullum, na kamfani ɗaya in da hali, daga famasi mai rajista, ba na tebur ba. Ku lissafa ƙwaya ɗaya kowace rana har ƙarshe, ko ana kan miligiram 2, tunda ragowar ruwan zubarwa ake yi. A bar ƙwayar cikin takardarta, a sa a roba mai murfi kusa da randa, ba saman taga ko ƙarƙashin kwanon rufi ba. Sirinji kuma ku sayi biyu biyu, lambobin jikinsa na gogewa da wanki.