Me furotin ɗin da ke cikin ƙwayar wake yake yi wa shukar kanta?

Ɗalibar_Noma:
Assalamu alaikum malamai. Kullum ana cewa wake, gyaɗa da waken soya suna da furotin da yawa, amma bayanin bai wuce amfanin da mai ci yake samu. Ita shukar fa, me ya sa take tara shi haka? Tunda saiwarta na samun naitirojin daga iska, ina ruwan ƙwaya da wannan ajiya?

Malam_Tsirrai:
Wa alaikumus salam, Malama. Guzuri ne. Ƙwayar da aka shuka ba ta fito da ƙulluttan saiwa ba, wato 'yan ƙurajen jikin saiwa inda ake kama naitirojin. Sai bakteriyar Rizobiyam ta shiga saiwar, ƙulluttan su fito su ƙosa, sannan aikin kama naitirojin ya kankama, kuma wannan kan ɗauki mako biyu zuwa uku. A tsakanin nan tsiron da abin da uwa ta ɗaura masa yake rayuwa.

Kusan kashi 16 cikin 100 na nauyin furotin naitirojin ne, don haka babu ajiyar da ta fi shi dacewa. Waken soya na ɗauke da furotin kashi 36 zuwa 40, wake da gyaɗa wajen kashi 25, masara kuwa da ƙyar take kai 10.

Mafi yawan furotin ɗin ƙwayar wake nau'in gulobulin ne, wanda ruwan gishiri ke narkarwa, kuma gida biyu ne: legumin da bisilin. A waken soya ana kiransu gilisinin da kongilisinin. Ana cusa su cikin 'yan jakunkuna a ƙwayoyin halittar ɓari biyun nan na ƙwayar. Da zarar iri ya sha ruwa, enzayim, wato sinadarai masu yanka furotin, su farka, su daddatsa shi zuwa amino asid, tubalan da aka gina shi da su, a tura wa saiwa da toho. Shi ya sa ɓari biyun suke motsewa su faɗi idan ganyen gaskiya ya buɗe. An kwashe abin da ke ciki.

Mai_Binciken_Iri:
Abin da Malam ya faɗa daidai ne, amma ba duka ne guzuri ba. Wani makami ne. Ƙwaya mai wannan arziki kowa na sonta, kuma ba ta iya gudu.

Akwai masu toshe tirifsin, enzayim ɗin da hanji ke narkar da furotin da shi. Moses Kunitz ya ware na waken soya a 1945. Akwai lektin, mai manne wa bangon hanji ya hana shi tsotsar abinci. Akwai kuma mai toshe amilas, wanda ke hana tsutsa narkar da sitati. Wannan na ƙarshen yana cikin wake nau'in Phaseolus vulgaris, kuma yana kashe tsutsar ƙwaron Callosobruchus maculatus. Waken da muka saba da shi, nau'in Vigna unguiculata, ba shi da irinsa, kuma shi ne wannan ƙwaro yake mayarwa gari a ajiya. Amma makamin ba ya cin kowa, domin ƙwarin da suka daɗe suna cin Phaseolus sun san hanyar kauce masa.

Wannan kariya ce take sa jan wake nau'in Phaseolus ɗanye ko wanda bai dahu ba ya jawo amai da gudawa. A jiƙa shi, a zubar da ruwan, a tafasa shi sosai aƙalla minti 10. Dahuwa a hankali da zafin da bai kai tafasa ba ba ta kashe lektin.

Ɗalibar_Noma:
Na gode. To daga ina uwar take samo wannan naitirojin duka a lokaci ɗaya?

Malam_Tsirrai:
Wani daga ƙullutta da ƙasa, wani kuma daga jikinta. Lokacin da ƙwaya ke cika, buƙata takan fi abin da saiwa ke kawowa, sai shukar ta rushe furotin ɗin ganyenta ta tura wa 'ya'ya. Rawayar ganyen waken soya dab da girbi ba lallai cuta ba ce. Fari, wato rashin ruwan sama, a wannan lokaci ne abin tsoro: ƙulluttan sukan daina aiki tun kafin ganye ya nuna ƙishi, cikar ta yanke da wuri, a sami ƙananan ƙwaya. Irin da aka ɗiba daga nan tsironsa kan fito da rauni.

A kula da salfa kuma, wato farar wuta. Dama a cikin amino asid, dangin wake na da yalwar laisin amma ƙarancin metiyonin da sisteyin, su biyun masu ɗauke da salfa ne. Idan ƙasa ba ta da ita, shukar takan rage legumin ta ƙara bisilin, wanda kusan ba ya buƙatarta. A awo za ki ga yawan furotin bai sauya sosai ba, alhali ingancinsa ya faɗi.