Hannun PS2 ya ƙi aiki da gem ɗin makafi, ina neman taimako

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena makaho ne, shekararsa 16, muna zaune a Ƙofar Ƙaura nan Katsina. Yana buga gem ɗin da ake bi da sauti kawai a kwamfuta, da abin ji a kunne, NVDA kuma na karanta masa allo. Kibod ɗin yana gajiyar masa da yatsu, sai na tono tsohon hannun PS2 ɗina, na sayo masa mahaɗin USB a kasuwa.

Windows 10 ta gane shi. Idan na buɗe joy.cpl, wurin gwada hannun gem a Windows, kowane maɓalli na amsawa, sandunan ma suna motsi muddin na danna Analog jan fitilar ta kama. Amma da an shiga gem, shiru kake ji. Na fahimci tsofaffin hannaye da DirectInput suke magana, yawancin sababbin gem kuma XInput suke nema, irin na Xbox 360.

Na gwada JoyToKey, maɓallan suka koma haruffan kibod, ya ɗan buga. Sai dai sandar hagu na jan shi gefe ko bai taɓa ba, kuma babu jijjiga. Wannan ta fi damuna, domin ga wanda ba ya gani, jijjigar nan ido ce ta biyu bayan kunne. Jiya ya riƙe hannun yana tambayata, "Yaya, an buge ni ne?"

Wanda ya taɓa saita x360ce (manhajar da ke sa gem ya ɗauki hannu a matsayin na Xbox 360) da irin wannan mahaɗi, jijjigar tana dawowa? Kuma zai iya saitawa da kansa ta NVDA, ba sai ya jira na dawo daga shago ba? Don Allah a taimaka.