A ƙara soja ko a janye? Gardamar da ta sa ƙwaina ya huce jiya

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan Isha'i gardama ta kaure a teburin mai shayin layinmu, har ƙwan da aka soya min ya huce ban taɓa ba. Wani abokinmu mai shago a Kantin Kwari ne ya kafe cewa da Amurka ta ƙara soja a Afganistan maimakon ta fice a 2021, da Taliban ba su shiga Kabul ba. Na ce masa ai sun gwada. A Disambar 2009 Obama ya ƙara dubu 30, har yawansu ya kai wajen dubu 100. Amma a jawabin da ya sanar da ƙarin, a nan ya ce a Yulin 2011 za a fara dawowa. Wa zai ji tsoron baƙon da ya riga ya faɗi ranar tafiyarsa? Sai dai ka gyara zama ka jira shi.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi, mahaifina soja ne, yana cikin waɗanda aka kai Laberiya da ECOMOG, rundunar sojan ƙasashen ECOWAS, zamanin Babangida. Ina firamare lokacin. Ba na manta Umma da ƙaramar rediyonta da asuba, ta ɗaure bayanta da roba don kada batir ya faɗo, da an ce Monrobiya sai ta ɗaga hannu, kowa ya yi tsit har mai kuka. Ya dawo da ransa, amma har ya rasu in salansar babur ta buga sai ya zabura.

To ina tambaya: in yaƙin ƙasar wasu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a tura ƙari ne ko a kwaso 'ya'yan mutane?

Malam na Gwale:
Wa alaikumus salam. Kowane ɓangare da Iraƙi yake kafa hujja. A Janairun 2007 Bush ya sanar da ƙarin soja sama da dubu 20, alhali 'yan Dimokurat sun ƙwace majalisa a zaɓen 2006 suna kiran a fara ficewa. Kashe-kashe sun ragu, wannan gaskiya ne. Sai dai a daidai lokacin ne ƙabilun Sunni na lardin Anbar suka juya wa Alƙa'ida baya, har Amurka na biyan mayaƙansu albashi. To na wa aka yaba, na ƙarin soja ko na 'yan gari? An janye a ƙarshen 2011, a Yunin 2014 ISIS ta kama Mosul. Masu son ƙari suka ce kun gani, gaggawa ce ta jawo. Masu son janyewa suka ce shekara takwas ana gina rundunar Iraƙi da ta watse cikin kwanaki, ko an ƙara takwas haka za a yi. Ni dai na fi karkata ga na biyun.

Tsohon Soja Kurna:
Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa can ta fi nan. Ni Saliyo aka kai ni. Malam ya yi bayanin littafi, bari in faɗi na ido.

Mun mayar da shugaban ƙasar, Tejan Kabbah, kan kujerarsa a Maris ɗin 1998, aka yi ta murna kamar an gama. Janairun 1999 sai ga 'yan tawaye a cikin Firitawun. Sun saje da masu gudun hijira, mata da goyo, tsofaffi da kaya a ka, kai kuma kana kan shinge da mutum ƙalilan, ba ka san wanda ya ɓoye bindiga a cikin katifa ba. Wa za ka harba? A wannan daren in aka tambaye ni, ƙari nake so, ko mutum goma ne. Amma nan gida ana shirin zaɓe, ana ta cewa kuɗinmu na ƙarewa a ƙasar wasu. Su ma ba ƙarya suka yi ba. Obasanjo ya hau, aka yi sulhu da 'yan tawayen a Lome a Yulin 1999, aka fara kwaso mu. A Mayun 2000, ECOMOG na ficewa, 'yan tawaye suka kame sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya kusan 500, sai da Ingila ta turo nata.

Ni abin da na tsana shi ne rabi da rabi. Ba a ba ka isassun mutane ka gama ba, ba a kuma ce ka dawo ba, saboda ɗan siyasa yana jin kunyar kowanne.

Hajiya Tarauni:
Baba soja, sannu da ƙoƙari. Ni nawa gajere ne. A 2023 da ECOWAS ta ce za ta tura soja Nijar, ƙanwata tana aure a Maraɗi, kwana nawa ban runtsa ba. Da majalisar dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi, malamai kuma suka tafi Yamai, sai na ji kamar an sauke min dutse. Rufe boda kaɗai ya ishe mu wahala, balle harsashi. Duk mai cewa a ƙara, a fara rubuta sunan ɗan farinsa.

Na Kantin Kwari:
Ni ne fa ake gulma. Ɗan Fagge, ba ka faɗi duka ba. Cewa na yi gwamnatin Trump ta sa hannu a yarjejeniya da Taliban a Doha a 2020 ba tare da gwamnatin Kabul ba, daga nan sojan gwamnati ya san an sayar da shi. Kuma Hajiya, ɗan farina shekararsa shida.

Ɗan Fagge:
To ai ka dawo kan maganata ke nan, Alhaji. Baba na Kurna, don Allah in ba damuwa ina son mu haɗu, akwai hoton mahaifina da wasu mutum uku cikin kaki da ba mu taɓa sanin ko su waye ba. Kai kuma Na Kwari, yau kai za ka biya kuɗin ƙwai.